“A”, “An” da “The”: Ƙananan Kalmomin da ke Kayar da Takarda

Kusan duk hada-hadar Na'ibawa ta Kano da Hausa ake yin ta. A 'Yan Katako da Hausa ake taya falanki, a 'Yan Lemo da Hausa ake sallama lemo da kankana, kuma ba a taɓa jin wanda ya rasa ciniki don bai iya nahawun Turanci ba. Amma da zarar magana ta hau takarda sai harshe ya sauya. Wasiƙar neman aikin da matashi zai miƙa wa maigadi a ƙofar wata masana'anta a Sharada, takardar farashin da kafinta zai aika wa kamfani a Bompai, rahoton da mai kula da sito zai rubuta wa manaja a kamfanin fata a Challawa, duk da Turanci ake yin su. Masu rubutun kuwa sun san manyan kalmomi sarai. Inda suka fi yin tuntuɓe shi ne kan wasu 'yan mitsi-mitsi guda uku: “a”, “an” da “the”. Sai ka ga an rubuta “I am driver”, ko “I have HND”, ko “Machine has stopped”, kowace jimla da giɓinta.

Wani zai ce ai an gane abin da ake nufi, mene ne na damuwa? Damuwar ita ce yawansu. A shekarun 1960 malamai a Jami'ar Brown ta Amurka sun tattara rubuce-rubucen Turanci masu kalmomi kimanin miliyan ɗaya, da aka ƙirga sai aka ga “the” kaɗai ta kai kusan kashi 7 cikin 100, ba kalmar da ta kamo ta. Wanda bai iya ta ba zai yi ta maimaita kuskuren kusan a kowane layi. Ɗalibi ma abin ya shafe shi tun kafin ya fara neman aiki. A tsarin da aka saba bi wajen duba insha'in Turanci na WAEC, maki 10 cikin 50 na tsabtar nahawu ne da ƙa'idar rubutu, ana cire rabin maki kan kowane kuskure. Kurakurai 20 sun cinye makin ke nan, ga shi kuma sai da kiredit a Turanci ake samun gurbi a jami'a.

Ana yawan gaya wa ɗalibai cewa Hausa ba ta da irin waɗannan kalmomi, shi ya sa suke mana wuya. Wannan magana rabinta ce gaskiya. Saurari yadda ɗan kasuwa ke ba da labari: “Wata mota ta kawo katako ɗazu. Motar ta lalace a bakin titi.” Da farko ya ce “wata mota”, domin mai sauraro bai san ta ba. Da ya sake ambatonta sai ya liƙa mata “r”, ta zama “motar”, wato wadda muka riga muka sani. Wannan “n” ko “r” ta ƙarshen suna ita malaman nahawun Hausa ke kira madanganci. Bature ma haka zai yi: “a lorry” a jimlar farko, “the lorry” a ta biyu. Wanda kuma ya zauna gaban malam ya karanta Ajurumiyya ya san nakira da ma'arifa, ya san bambancin “kitabun” da “al-kitabu”. Ashe tunanin yana bakinmu tun muna yara.

Matsalar a wani wuri take. Hausa tana barin suna ya tsaya shi kaɗai, mai sauraro ya gane daga yanayin magana. Muna cewa “na sayi mota”, “ni direba ne”, “rufe ƙofa”, “Sarki ya fito”, “rana ta faɗi”, ba “wani” ba madanganci, kuma Hausa ce tsantsa. Turanci bai yarda da haka ba. A wurinsa, suna tilo na abin da ake iya ƙirgawa kamar dattijon Kano ne, ba ya fita kai ba hula. Ko dai “a” ko “an” ko “the”, ko wata kalma mai tsaya musu irin “my” da “this”. Jimlolin nan biyar a Turanci sai sun zama “a car”, “a driver”, “the door”, “the Emir”, “the sun”. Don haka mai jiran sai ya ji “wani” a zuciyarsa kafin ya rubuta “a”, ko sai ya ji madanganci kafin ya rubuta “the”, zai tsallake wurare da yawa bai sani ba.

Tambayar da ke raba gardama guda ce: wanda nake rubuta wa ya san wanne nake nufi? In ya sani, “the”. In bai sani ba, ko kuma kowanne ma ya yi, “a” ko “an”.

A ɗauki ma'aikacin dare a wani kamfani mai injuna da yawa, ya tura wa manaja saƙo. In ya rubuta “A machine has stopped”, yana nufin ɗaya daga cikin injunan ya tsaya, manaja bai san wanne ba tukuna. In ya rubuta “The machine has stopped”, yana nufin injin nan da su biyun suka sani, wataƙila wanda aka yi ta fama da shi da rana. In kuwa “Machine has stopped” ya rubuta, to sai manaja ya buga waya cikin dare: “Malam, wane injin?” Shi kuma ya amsa: “Ranka ya daɗe, wanda makaniki ya gyara jiya.” Sanin abu ba sai an ambace shi a baya ba. Ana sanin sa don shi kaɗai ne, kamar “the Governor of Kano State”; ko don wurin da ake ya nuna shi, kamar a ce wa maigadi “close the gate”; ko don bayanin da ya biyo baya ya ware shi, kamar “the planks you ordered”. Na farko da mafi kyau su ma ba su da na biyu, shi ya sa ake cewa “the first” da “the best”.

Zaɓi tsakanin “a” da “an” shi ne mafi sauƙi, sai dai an koya wa da yawa daga cikinmu shi a karkace. A firamare ana haddace cewa “an” na zuwa kafin a, e, i, o, u. Ƙa'idar ta kunne ce, ba ta ido ba: sautin da kalma ta fara da shi ake bi. “Hour” da “honest” ba a furta “h” ɗinsu, don haka “an hour”, “an honest man”. “University” da “uniform” da sautin “y” suke farawa, “one” kuma da sautin “w”, don haka “a university”, “a uniform”, “a one-year contract”. Masu neman aiki su lura da sunayen takardun shaidarsu. H ana kiran ta “eic”, N kuma “en”, S “es”, dukkansu da wasali suka fara, saboda haka “an HND”, “an NCE”, “an SSCE result”. Wanda ya gama a Zariya “an ABU graduate” ne, na Kano kuwa “a BUK graduate”. NECO kalma guda ake furta ta, sai ta ɗauki “a”.

Asalin “a” da “an” tsohuwar kalmar Turanci ce mai ma'anar “ɗaya”, kuma har yau ma'anar ba ta bar su ba. Ba sa shiga gaban jam'i, ba sa shiga gaban abin da Bature bai ɗauke shi abin ƙirgawa ba. Nan ne sana'o'in wannan yanki suka fi shan wahala, domin kayan da suke sayarwa na cikin wannan rukuni. “Furniture”, “equipment”, “timber”, “leather”, duk ba a ƙirga su. Haka “advice” da “information” da “news”. Mu kuwa muna da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, labari da labarai, sai hannu ya zarce ya rubuta “an advice” ko “informations”. Duk mai bin Titin Zariya yana karanta allunan shaguna ba zai rasa ganin “furnitures” da “equipments” ba. Mai son ya ƙirga sai ya ce “a piece of furniture”, “a piece of advice”, ko ya kira abin da sunansa: “a chair”, “a plank”. A harkar fata, “leather” ba ta ƙirguwa, amma ƙirgin saniya “a hide” ne, fatar akuya kuma “a skin”.

Wani lokaci ma ƙara “a” kan mayar da kalma wani abu daban, kuma a takardar oda wannan kuɗi ne. “Iron” ƙarfe ne, “an iron” dutsen guga. “Glass” gilashin taga ne, “a glass” kofin shan ruwa. “Paper” takarda ce, “a paper” jarida ko maƙala. “Wood” katako ne, “a wood” kuwa ɗan ƙaramin daji. Haka kuma “we have a few customers” na nufin akwai masu saye daidai gwargwado, alhamdu lillahi, amma “we have few customers” kuka ne, kasuwa ta mutu. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Akwai kuma masu zarce gona da iri, waɗanda da suka ji ana yi musu gyara sai suka dinga yafa “the” ko'ina. In ana magana kan abu gaba ɗayansa, Turanci barin sa yake haka: “Leather is expensive” na nufin fata na da tsada ko'ina, “The leather is expensive” kuwa wannan fatar da ke gabanmu. Wannan kuskure ya fi kama waɗanda suka yi zurfi a Larabci, da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi Faransanci, domin harsunan biyu duk suna sa alamar ma'arifa a irin wannan wuri. A sunayen wurare kuwa, gaskiya hadda ta fi dalili yawa. Ba a sa “the” a gaban Kano ko Nigeria ko Zaria Road ko Bayero University, amma ana cewa “the University of Ibadan”. Koguna da hamada suna ɗauka, “the Challawa River”, “the Sahara”, tafki ba ya ɗauka, “Lake Chad”. “Niger” ƙasar Nijar ce ko jihar Neja, “the Niger” kuwa kogin Kwara. Gambiya ita da kanta ta zaɓi a riƙa kiran ta “The Gambia”.

Wanda yake ganin duk wannan ƙaƙale ne na malaman makaranta, ya duba ƙuduri mai lamba 242 da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ranar 22 ga Nuwamba 1967, bayan yaƙin kwana shida. Rubutun Turancin ya nemi sojojin Isra'ila su janye “from territories occupied”, ba “the” kafin “territories”. Na Faransancin ya ce “des territoires occupés”, wanda ake iya karantawa da ma'anar yankunan duka. Isra'ila ta riƙe cewa ba a ce ta fita daga dukkan yankunan ba, ƙasashen Larabawa suka ce duka ake nufi, kuma lauyoyi da jami'an diflomasiyya sun shafe shekaru sama da 50 suna wannan jayayya.

Ni dai ban ga dalilin yi wa kowa dariya kan Turancin bakinsa ba. A cikin masana'antun Sharada da Challawa za ka tarar da ɗan Sin da ɗan Indiya da Bahaushe suna magana, ga shi harshen Sinanci da na Hindi su ma ba su da waɗannan kalmomi, kowa na zubar da su, aiki kuma na tafiya. A baki akwai hannu da fuska da damar sake tambaya. Takarda kuwa ita kaɗai take tafiya, wani lokaci har Italiya ko Sifaniya inda ake kai fatar Kano, kuma mai tace wasiƙun neman aiki ba shi da abin auna mutum sai abin da ya gani a rubuce.

Abin da ke ƙara rikita masu koyo shi ne kanun labarai. Jaridun Turanci da gangan suke cire waɗannan kalmomi daga kanu don tsimin fili, sai a rubuta “Governor visits factory”, haka ma allunan gargaɗi da saƙonnin waya. Mai son ya gyara hannunsa ya bar kanun, ya shiga cikin labarin. Ya kwafe sakin layi ɗaya a littafi, ya bar giɓi duk inda “a” ko “an” ko “the” ta fito, ya ajiye sai washegari ya cike giɓin da ka, sannan ya gwada da jaridar. Inda ya saɓa, ya tsaya kan sunan ya tambayi kansa ko ana ƙirga shi, ko ɗaya ne, ko kuma mai karatu ya riga ya san wanne ne.