Man Gyaɗa, Baƙin Mai da Ƙurar Matameye: Wanne Ya Dace da Bindiga Mai Gangar Roba?

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Matameye ya san aikin ƙura. Ka goge babur da safe, kafin azahar ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Wannan ƙurar da ke cika hancin fasinja a kan hanyar Damagaram zuwa iyakar Ɗan Barto, ita ce kuma ke shiga kuben ƙaramar bindigar da ke ƙugun jandarma ko ɗan duwan da ya wuni tsaye a bakin titi. A wurin fasinja abin bai wuce mura ba. Shi kuwa jami'in, ransa ne a kai idan bindiga ta cije a ranar da ya buƙace ta.

Tun da can maharban ƙasar Kantche suna da dabararsu. Adaka ƙarfe ce da itace, babban abokin gabarta tsatsa, musamman da damina. Tsumma da ɗan man gyaɗa ko man kaɗe sun wadatar, ga gyaɗar kuwa a gona. Idan man ya daskare, a kankare a sake shafawa, domin cikin adaka babu wasu ƙananan sassa masu yawa da za su maƙale.

To amma ƙananan bindigogin zamani wani abu ne daban. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fitar da mai gangar roba a 1970, sai dai wadda ta cika duniya ita ce Glock 17 ta Gaston Glock, wadda sojojin Ostiriya suka karɓa a farkon shekarun 1980. Gangar jikinta roba ce mai ƙarfi dangin nailan, bututun da marfin sama mai zamewa kuwa ƙarfe ne. Roba ba ta tsatsa, saboda haka shafa mata mai ɓarna ce kawai, sai ma ta riƙa sulɓi a hannu. Mai yana da amfani ne a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, shi ma ɗigo kaɗan. Littafin kamfanin Glock ya yi gargaɗi kada mai ya shiga ramin allurar da ke bugun harsashi, domin can ne yake haɗuwa da datti ya rage wa allurar ƙarfi, a ja kunama a ji shiru.

A nan ne man gyaɗa ke cin amana. Man girki kowane iri, idan ya sha iska da zafi, yana lalacewa ya koma danƙo. A Matameye kuwa, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ba ya ɗaukar lokaci. Danƙo ya gamu da ƙurar hunturu, an samu wani kwaɓi mai aikin samfefa, yana cin ƙarfe a hankali yana kuma riƙe marfin.

Baƙin man da ake juyewa daga injin mota ya fi muni, duk da cewa shi ne ya fi sauƙin samu a kowane gareji. Ya riga ya cika da ɓurɓushin ƙarfe da toka. Man keken ɗinki ya fi su tsabta, kuma a lokacin larura ya fi babu, amma ruwa-ruwa ne, ba ya daɗewa a inda aka sa shi. Shi ma WD-40 da samari ke ɗauka maganin komai ne, asalin aikinsa korar danshi ne tun da aka haɗa shi a Amurka a 1953, bai kai man bindiga riƙe wuri ba. Abin da ya fi haɗari ga robar kanta ma ba mai ba ne, ruwan wanki ne: sinadaran wanke birki da masu narkar da fenti suna iya cinye launin wasu robobi ko su sa su tsage. Abin da masu ƙera bindigogin ke ba da shawara shi ne man da aka yi musamman don makami, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cutar da roba.

Kada a ɗauka wannan matsalar talakawan ƙasashe ce. Ranar 23 ga Maris 2003 an yi wa ayarin sojojin Amurka kwanton ɓauna a Nasiriyya ta Iraƙi, inda aka kama Jessica Lynch. Bindigoginsu da dama sun cije, rahoton rundunar kuma ya alaƙanta hakan da yiwuwar rashin kula da makamai yadda yanayin hamada ke buƙata. Har yau masana na jayayya kan yawan man da ya dace da manyan bindigogi a cikin rairayi, amma babu mai jayayya cewa tsohon mai da ya sha ƙura sai an goge shi kafin a ƙara sabo.

Wannan bayani dai na waɗanda doka ta ba makami ne. A Nijar farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai aikin tattara haramtattun makamai. Amma cikin masu karanta mu akwai 'ya'yan Matameye da ke sanye da kaki a Diffa ko Tillaberi, akwai kuma 'yan ci-rani masu aikin gadi da lasisi a Amurka. Su na can ƙalubalensu ya juya: maimakon ƙura, sanyi ne, inda mai kauri ke daskarewa cikin ƙanƙara ya hana marfin komawa mazauninsa.