Noma da Su a Ƙasar Katsina: Daga Rumbu Zuwa Kasuwar Duniya

Jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987, ƙasar manoma ce mai fuska biyu. A arewa, wajen Daura da Mai'aduwa da Kaita da Jibiya, ƙasar jigawa ce, damina gajeriya, don haka gero da wake da gyaɗa da riɗi suka fi karɓuwa. A kudu kuwa, wajen Funtuwa da Bakori da Ƙafur da Malumfashi da Ɗandume, ruwa ya fi yawa, ƙasa ta fi ƙarfi, nan ne gidan masara da dawa da auduga da waken suya. Ana neman abu biyu daga wannan ƙasa: ta ciyar da mutanenta, ta kuma samar da abin sayarwa waje. Duka biyun suna yiwuwa, amma da sharaɗin a san wanda ke gaba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka ba zai noma wa Japan riɗi mai kyau ba.

Darasin gyaɗa da auduga

Fitar da amfanin gona ba baƙon abu ba ne a nan. A zamanin Turawa, gyaɗa da auduga su ne kuɗin talaka, da su yake biyan haraji. Funtuwa ta bunƙasa ne saboda layin dogo da injinan gurzar auduga. Sai farin 1973 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, cinikin gyaɗa zuwa Turai ya durƙushe. Daga baya masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa, auduga ma ta rasa masu saye.

Irin wannan ya faru a wasu ƙasashe. A tsibiran Samowa da ke tekun Fasifik, gwaza ce abincin gida, ita ce kuma babbar hajar fitarwa. A 1993 wata cutar ganye ta cinye gonakin gwaza, suka rasa abinci da kuɗin shiga a lokaci guda, sai da aka samar da irin da ke jure cutar kafin suka farfaɗo. Duk al'ummar da ta jingina da amfani guda, ranar da ya faɗi tare za su faɗi. Shi ya sa tsohuwar al'adar haɗa gero da wake a gona ɗaya ta cancanci a riƙe ta.

A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da Gombe. Ya kawo malaman gona da takin zamani da hanyoyin karkara. Hukumar raya aikin gona ta jihar, KTARDA, ce ke ɗauke da wannan nauyi a yau, ingantaccen iri kuma yana fitowa daga cibiyar bincike ta Samaru a Zariya. Abin da manoma suka daɗe suna faɗa shi ne tallafi lokaci gare shi: takin da ya iso bayan masara ta yi goyo, ko wanda ya tsaya a hannun 'yan siyasa, bai taimaki kowa ba.

Ruwa: noman rani da kifi

Damina wata huɗu ba ta isa ta riƙe gida wata goma sha biyu, don haka madatsun ruwa ne babban jarin jihar. Akwai Zoɓe kusa da Dutsinma, a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, da ta Jibiya, da Sabke a ƙasar Daura, da Mairuwa a Funtuwa, da Ajiwa mai shayar da birnin Katsina. Abin takaici, Zoɓe ta shekara da shekaru cike da ruwa ba tare da an kammala magudanan da za su kai shi gonaki ba. Inda ruwa ya isa, ana noman alkama da tumatir da albasa da tattasai, matasa kuma su zauna gida maimakon tafiya cirani. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin tayar da injin ban ruwa ya zama babban nauyi, abin da ya sa injin mai aiki da hasken rana ya zama tallafi mafi amfani ga ɗan lambu.

Waɗannan madatsun su ne kuma gonar masunta. Ana kama tarwaɗa da ƙarfasa, a sayar ɗanye ko a yi banda. Amma ruwa ma yana gajiya. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe kifi tun bai yi ƙwai ba, baɗi sai a fito hannu wofi. Maganin yana hannun sarkin ruwa da hukuma tare: a hana irin wannan raga, a huta da su lokacin haihuwar kifi, a riƙa zuba 'ya'yan kifi. Masu kiwon tarwaɗa a tafkunan siminti cikin gari kuwa, abincin kifi ne ke cinye mafi yawan jarinsu, alhali masara da waken suyar da ake haɗa shi da su a kudancin jihar ake noma su.

Tsakanin kaka da bazara

Asarar manomi ba a gona take ƙarewa ba. Da kaka, bashi da hidimar biki sukan tilasta masa sayar da hatsi da arha a kasuwar Bakori ko Ɗandume, da bazara kuma ya dawo ya saye shi da tsada. Wanda ya ajiye yana fama da ƙwari, sai ya zuba magani barkatai. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Waken da Turawa suka ƙi, mu ne muke ci da 'ya'yanmu. Buhun ajiya mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari da rashin iska, yana kare lafiyar gida, yana kuma kare sunan hajarmu a waje.

Hanyar fita

Yau riɗi da zoɓo ne suka ɗauki matsayin gyaɗa. Riɗin Nijeriya na zuwa Japan da Turkiyya da Sin, zoɓo kuma Meziko ce babbar mai sayensa. Yawancin abin da ake nomawa a nan sai ya bi ta kasuwar Dawanau a Kano, a tsaftace shi, sannan ya gangara Legas, riba mai tsoka ta tsaya a hannun wasu. Tashar tsandauri ta Funtuwa, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, za su iya rage wannan nisa. Sai dai jirgi kaya yake ɗauka. Dole a samu wuraren tsaftacewa da awo a cikin jihar, da ƙungiyoyin manoma, har da matan da ke ɓarar zoɓo, masu iya cika oda da murya ɗaya.

Duk wannan bai tsayuwa sai da tsaro. A Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, 'yan bindiga sun raba dubban mutane da gonakinsu, wasu sai sun biya kuɗi kafin su girbe abin da suka shuka. Sakamakon yana bayyana a cibiyoyin jinyar yara masu tamowa a birnin Katsina. Saboda haka jerin aikin a fili yake: manomi ya isa gonarsa lafiya, iri da taki su zo kafin ruwan shuka, ruwan madatsa ya kai lambu, a ajiye amfani ba tare da guba ba. Idan waɗannan suka tabbata, gida zai ƙoshi, rarar da za ta fita kuma za ta zama mai tsafta da daraja.