Harajin Da Ya Dawo Da Bindiga A Birnin Gwari

A watan Oktoban 1979, da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya hau kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, bai yi wata-wata ba ya soke haraji da jangali. Takwaransa na Kano, Abubakar Rimi, shi ma hakan ya yi. Haraji kuɗi ne da ake ɗora wa kowane namiji baligi, jangali kuma a kan kowace saniya, kuma dattawa har yau suna tuna wulaƙancin da ke cikin karɓarsu: dogari a ƙofar gida, a sayar da akuya ko a tasa ƙeyar magidanci. A wurin ɗan siyasar da ya tashi a gaban Malam Aminu Kano, sauke wa talaka wannan kaya shi ne farilla, sauran ayyuka su biyo baya.

Manoman Birnin Gwari da Fulanin dajinta suna cikin waɗanda suka samu sa'ida a lokacin. Bayan shekara arba'in sai ga haraji ya dawo musu, sai dai yanzu mai karɓar yana kan babur ne, bindiga a kafaɗa. A ƙauyuka da dama manomi kan biya kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi, wani lokaci ma a tilasta wa gari guda su yi wa ɓarayin daji noma a gonakin da suka ƙwace. Makiyayin da bai shiga daji ba shi ma bai tsira ba, domin da satar shanunsa aka fara.

Abin ba jiya ya soma ba. A watan Oktoban 2012 'yan bindiga suka far wa Dogon Dawa da asuba, suka kashe mutum sama da 20, wasu a bakin masallaci. A Maris ɗin 2018 aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka, a watan Mayu kuma aka yi kisan gilla a Gwaska, abin da ya sa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a kafa bataliyar soja a yankin. Dajin Kamuku, wanda ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, ya ba maharan mafaka da hanyar tserewa zuwa Neja da Katsina. Titin Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai tsawon kusan kilomita 120, a wancan lokacin ya koma hanyar da direbobi ba sa shiga sai sun taru an yi musu rakiya. A kan wannan titi ne garin Kuriga yake, inda aka kwashe ɗaliban makaranta ranar 7 ga Maris 2024, aka sako 137 daga baya.

Siyasar kanta sai da aka taɓa. A 2022, ana shirin babban zaɓe, ƙungiyar cigaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta bayyana cewa 'yan ƙungiyar ta'adda ta Ansaru sun hana harkokin siyasa a wasu garuruwan gabashin Birnin Gwari. Wato a lokacin ɗan takara ba ya ma iya zuwa ya yi alƙawarin, balle ya cika.

A kan wannan ne tsadar rayuwa ta zo ta zauna. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota da na dakon kaya, hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari a 2024, a watan Agustan shekarar kuma matasa suka fantsama tituna a Kaduna, Zariya da Kano suna kukan yunwa. Mai sayen kwanon masara a Tudun Wada ta Kaduna ba lallai ya san garuruwan Birnin Gwari irin su Kuyello ko Randagi ba, amma gonakin da aka bari a can suna cikin abin da ya tsauwala masa farashi. Saboda haka duk ɗan takarar da ya ce shi na talakawa ne, ya kuma sa abinci a sahun gaba, to da tsaron ƙauye zai fara.

Yadda za a samo tsaron ne ya raba kan 'yan siyasa. Tsohon gwamnan Kaduna Nasir El-Rufa'i ya ƙi sulhu ƙiri-ƙiri, ya nemi a yi wa dazuzzuka ruwan bama-bamai. A ƙarshen 2021 gwamnatinsa ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna, ta hana hawa babur, ta rufe kasuwannin mako. An matsa wa ɓarayi na ɗan lokaci, amma ɗan kasuwa da ɗan acaɓa da mara lafiya su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Magajinsa, Uba Sani, ya bi wata hanya: a watan Nuwamban 2024 ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da aka ce sun tuba, aka sake buɗe kara, kasuwar shanun da ta yi shekaru a rufe. Motocin dabbobi suka dawo titi, mutane da dama suka koma gona. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara yana kwana da takalmi a ƙafa.

Sai dai sulhu bai amsa tambayoyin da suka fi nauyi ba, kuma a nan ne ya kamata a titsiye mai neman ƙuri'a. Bindigogi nawa aka karɓa, kuma ina sauran? Matar da aka kashe wa miji, da magidancin da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, wa zai share musu hawaye? Bafulatanin da 'yan sa-kai suka kashe masa ɗa ba tare da shari'a ba, wace kotu zai je? Idan babu alƙali da ɗan sanda da mutane suka yarda da su, ramuwar gayya ce za ta ci gaba da yanke hukunci. Haka nan burtali da mashaya da gonaki suka cinye, da makarantun 'ya'yan makiyaya da suka zama kufai, duk suna cikin tushen rikicin. Yaron da ya tashi a ruga bai taɓa ganin malami ko ma'aikacin lafiya ba, ba shi da dalilin jin cewa gwamnati tasa ce.

Akwai kuma iyakar iko, wadda 'yan takara ba sa son ambata a dandalin kamfe. Gwamna ba shi ne ke ba soja ko ɗan sanda umarni ba. Tsarin mulki ya bar wannan a hannun Tarayya, shi ya sa muhawarar 'yan sandan jihohi ta ƙi mutuwa. Balarabe kansa ya ga abin da rashin rinjaye ke jawowa: majalisar jihar da jam'iyyar NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981, ya zama gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Mai manufar sauyi a yau yana buƙatar 'yan majalisa da za su sa kuɗin taki, titi da diyya a kasafi, su kuma bi sawunsu.

Zinare ma na jiran amsa kafin zaɓen 2027. Ƙasar Birnin Gwari tana da shi, matasa na haƙarsa da diga da shebur, kuma inda hukuma ba ta nan, masu bindiga ne ke yanka rabonsu a bakin rami. Lasisin ma'adinai a Abuja ake ba da shi, Dajin Kamuku ma na Gwamnatin Tarayya ne. Ɗan takarar da ke neman kujerar majalisa ko ta gwamna daga wannan yanki, wajibi ne ya faɗi a bainar jama'a yadda zai sa a yi wa masu haƙar rajista, wa zai riƙa sayen abin da suka samo, da kuma kason da zai dawo wa garuruwan da ake haƙa ramukan a bayan gidajensu.