Fitilar Keke Ta Gida: Wane Ƙwai Ya Dace Da Hanyar Fadama?

Duk wanda ya san Haɗejiya ya san keke abokin aikin manomi da masunci ne. Da yawa sukan baro gonakin shinkafa na wajen Auyo ko bakin kogi bayan magariba, su bi turba mai ramuka da kwatar ruwa, wani lokaci har da maciji kwance a kanta. Fitila a nan maganar tsira ce, kuma ɗalibin sakandare zai iya harhaɗa ta da hannunsa.

Ƙwan da ya dace shi ne LED, domin yana ba da haske mai yawa da wuta kaɗan. Farinsa ya samu ne bayan da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka ƙirƙiro shuɗin LED, aikin da ya ba su kyautar Nobel a shekarar 2014.

Kayan aiki su ne: tsohuwar tocila, da batir uku masu bolt 1.5, da makunni, da waya, da fararen ƙwayaye huɗu masu faɗin milimita 5, da rizista huɗu. Rizista ita ce ke rage ƙarfin wuta don kada ƙwai ya ƙone. Ga lissafin: batir uku sun ba da bolt 4.5, ƙwai kuwa yana bukatar kimanin 3.2. Ragowar 1.3, idan aka raba ta da amfiya 0.02 da ƙwan ke ja, za a sami om 65. Sai a nemi rizista mai om 68 wajen masu gyaran rediyo, a ba kowane ƙwai tasa. Doguwar ƙafar ƙwai ita ake haɗawa da ɓangaren batir mai alamar tarawa. Idan aka juya, ba zai kama ba.

To, wane irin fari za a zaɓa? A nan ilimin halittu yake da abin cewa. Yawancin ƙwarin dare sun fi ganin haske mai shuɗi-shuɗi, shi ya sa suke yi masa rubdugu. Ƙwai mai kelbin 6,500 fari ne fat mai ratsin shuɗi, mai kelbin 3,000 kuwa yana da ɗan rawaya, kuma bai kai wancan jan ƙwari ba. A fadama, inda ƙwaro ɗaya a ido ya isa ya kayar da mahayi, mai rawayar ya fi.

Haka kuma, idon ɗan Adam yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, amma haske mai ƙarfi yakan rushe wannan sabo nan take. Saboda haka a ɗaure tocilar a kan keke tana ɗan duban ƙasa, kada ta kashe wa mai tahowa ido. A baya kuma a sa jan ƙwai, da batir biyu da rizista mai om 56, domin masu mota su hango keke tun daga nesa.

Malamai za su iya gwada wannan da ɗalibansu: a kunna ƙwayayen iri biyu a waje da dare, nesa da juna, a ƙirga ƙwarin da kowanne ya tara cikin minti 15. Gani ya kori ji.