Hoton wani, zanen wani: rigimar da ta tashi a kan fuskar Barack Obama

Ranar 27 ga watan Afrilu na shekara ta 2006 an yi wani taron manema labarai a birnin Washinton a kan yaƙin Darfur. Wanda ya tara jama'a a ranar shi ne ɗan wasan silima George Clooney, da bai daɗe da komowa daga ƙasashen Cadi da Sudan ba. A gefensa akwai wani sanata matashi daga jihar Ilinoi, Barack Obama, wanda a lokacin bai ko tsaya takarar shugaban ƙasa ba. Mai ɗaukar hoto Mannie Garcia yana wurin a madadin kamfanin dillancin labarai na Associated Press. Ana cikin jawabai sai ya juya kamara wajen sanatan, ya same shi ya ɗan karkata kai, ya ɗaga ido yana saurare, tutar Amurka tana bayansa. Ya latsa, ya ci gaba da aikinsa.

Kusan shekara biyu bayan haka, a farkon 2008, wani mai zane na birnin Los Anjales, Shepard Fairey, wanda ya yi suna wajen liƙa zane-zanensa a bangayen tituna, ya so ya taimaki takarar Obama. Ya shiga intanet neman hoton da zai yi aiki da shi, ya ci karo da na Garcia, ya ɗauka ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya mai da shi zane mai launi huɗu kacal: ja, da shuɗi mai duhu, da shuɗi mai haske, da ruwan madara. Da fari ya rubuta kalmar Ingilishi mai nufin «ci gaba» a ƙarƙashinsa, daga baya aka canza ta da «Hope», wato fata. Kafin zaɓen watan Nuwamba zanen ya cika bangaye da riguna da gilasan motoci, a watan Janairu na 2009 kuma gidan adana hotunan manyan mutane na Washinton ya karɓi wani samfurinsa ya rataya.

Ragi ake yi, ba ƙari ba

Don a gane abin da aka yi jayayya a kansa, sai an san yadda hoto ke komawa zane a cikin kwamfuta. A wajen na'ura, hoto ba kome ba ne illa tarin ƙananan ɗigo da aka jera sahu-sahu. Kowane ɗigo yana ɗauke da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. In aka cuɗa su ana iya samun launi fiye da miliyan 16. Shi ya sa fuska a hoto take fita da taushinta, haske yana narkewa cikin inuwa a hankali, ba a ganin inda wannan ya ƙare wancan ya soma.

Zane kuwa ba ya son wannan narkewa, iyaka yake so. Saboda haka mai aiki da manhajar gyaran hoto, ko Photoshop da kamfanin Adobe ya fitar a 1990, ko GIMP ta kyauta da wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley suka ƙirƙiro a 1995, yakan fara da yanke mutumin daga abin da ke bayansa. Sai ya shafe fatar, ƙuraje da ƙananan layuka su ɓace. Sannan ya zo kan babban aikin: ya umurci na'ura ta rage matakan haske daga 256 zuwa uku ko huɗu ko biyar. Duk ɗigon da haskensa ya faɗa tsakanin lamba kaza da kaza sai ya koma launi guda. Nan take goshi da kumatu da ƙarƙashin haɓa su zama fili-fili, kamar gonakin da aka shata wa iyaka. A ƙarshe na'ura ta bi hoton tana neman wuraren da haske ya yi tsalle daga fari zuwa duhu, gefen hanci, bakin leɓe, kewayen ido, ta ja baƙin layi a kansu. Mai son barkwanci yana iya ƙarawa da jan kunne ko kumbura hanci.

Duk wannan ba ya cin minti goma a hannun wanda ya saba. Amma abin da na'ura ke fitarwa ita kaɗai sau da yawa ba shi da daɗin kallo, domin ba ta san ido ya fi maɓallin riga muhimmanci ba. Duk inda ta ga bambancin haske layi take ja. Masu zanen allunan aski na bakin kasuwa sun fi ta sanin wannan, su da ke fid da kai da layi biyar. Fairey ma bai bar wa na'ura aikin ba. Bayan ta raba masa haske da inuwa, sai ya sa wuƙa ya yanka kowane mataki da hannu a kan jar leda, ya sake shigar da su cikin kwamfuta, ya gyara layuka, ya zaɓi launuka. Gumi ya zuba, babu mai musun wannan.

Sai dai duk ragin da aka yi, akwai abin da ba ya tafiya: karkatar kai, da inda ido ke kallo, da gefen da haske ya faɗo. Waɗannan kuwa mai kamara ne ya kama su a cikin ƙiftawar ido.

Duk wanda ya yi tarihin Faransa a lakwal zai tuna da Charles Philipon, mai jaridar La Caricature, wanda aka gurfanar a Paris a watan Nuwamba na 1831 bisa zargin cin mutuncin sarki Louis-Philippe. A gaban alƙalai ya zana fuskar sarkin sau huɗu, kowace tana kama da wadda ta gabace ta, har ta huɗun ta koma ɗan itacen nan da Faransawa ke kira puwar. Hujjarsa ita ce, in kama laifi ce, to sai a hukunta ɗan itacen ma. Alƙalai ba su yi dariya ba, suka yanke masa wata shida a kurkuku. Abin da ya nuna dai yana nan: kama tana bin zane daga mataki zuwa mataki, ba ta yankewa.

Ƙaryar da ta ɓata shari'a

A watan Janairu na 2009 masu bincike suka gano asalin hoton. Abin mamaki, shi kansa Garcia ya faɗa cewa ya yi watanni yana ganin zanen a wuraren yaƙin neman zaɓe, har yana ɗaukarsa hoto, bai gane nasa ba ne. Associated Press ta nemi a ambaci sunanta kuma a biya ta. Fairey ya riga ta zuwa kotu: a watan Fabrairu ya shigar da ƙara a Niyok, yana neman alƙali ya tabbatar cewa bai taka doka ba.

Dokar Amurka ta 1976 ta yarda mutum ya yi amfani da aikin wani ba da izini ba a wasu halaye, kamar suka ko koyarwa ko ba da labari. Alƙali yakan duba ko sabon aikin ya canza manufar na farko, da yawan abin da aka ɗiba, da ko an tauye wa mai shi kasuwa. Masana da dama sun ga Fairey yana da abin faɗi, tunda hoton labari ya shiga hannunsa, ya fito tutar siyasa.

Nan ne ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa. Garcia ya ɗauki hotuna da yawa a ranar. Fairey ya ce wanda ya yi aiki da shi shi ne mai faɗi, inda ake ganin Obama tare da Clooney, wato ɗan yanki kawai ya cira ya sarrafa. Kamfanin ya ce a'a, na kusa ne, mai fuskar Obama kaɗai. In aka ɗora zanen a kansa sai su hau juna daidai wa daida. Da Fairey ya gane kamfanin ke da gaskiya, maimakon ya faɗa, sai ya goge wasu takardu daga kwamfutarsa, ya ƙirƙiro wasu na ƙarya. A watan Oktoba na 2009 ya amsa da bakinsa, lauyoyinsa suka janye.

A watan Janairu na 2011 ɓangarorin biyu suka sasanta a waje, ba wanda ya ce ya yi kuskure a kan doka. Sun yarda su raba haƙƙin buga zanen, shi kuma ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara taɓa hoton kamfanin ba sai da izini. Amma maganar goge shaida ba ta sasantuwa. A watan Satumba na 2012 aka yanke masa shekara biyu ƙarƙashin sa-idon kotu, da awa 300 na aikin taimakon jama'a, da tarar dala 25.000, ta Amurka fa, ba dalar kasuwar Maraɗi ba. Kuɗin sun haura miliyan 12 na sefa. Ita kuwa ainihin tambayar, zanen na wa ne, alƙali bai kai ga amsa ta ba.

Wata shari'ar ce ta ɗan haska hanya. A 1981 Lynn Goldsmith ta ɗauki hoton mawaƙi Prince. A 1984 mujallar Vanity Fair ta biya ta dala 400 don mai zane Andy Warhol ya yi aiki da hoton sau ɗaya. Shi kuwa ya fitar da zane 16. Da Prince ya rasu a 2016, kamfanin mujallar ya biya gidauniyar Warhol dala 10.000 ya buga ɗaya daga ciki a bango, Goldsmith ba ta sami ko tamma ba, ba a ma ambaci sunanta ba. Ranar 18 ga Mayu 2023 kotun ƙoli ta Amurka, da alƙalai bakwai a kan biyu, ta ba ta gaskiya: tunda zanen da hoton kasuwa ɗaya suke nema, wato shafin mujalla, canza launi da salo bai isa ba.

Abin da Fairey ya yi da wuƙa da leda, yau wayar salula na yin sa da latsawa guda. Manhajar Prisma ta fito a 2016, Lensa ta yi tashe a ƙarshen 2022, a watan Maris na 2025 kuma miliyoyin mutane suka riƙa ba ChatGPT hotunansu yana mai da su irin zanen kamfanin Ghibli na Japan. Samari a Damagaram da Tawa da Yamai ba a bar su a baya ba: hoton ango da amarya, da na ɗan takara, da na malamin makaranta, duk suna komawa zane, suna yawo daga waya zuwa waya, wani lokaci har su kai ga maɗaba'a. Nijar tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangi ta 1977 a kan mallakar fasaha, wadda ta lissafa hoto cikin ayyukan da ke da mai su, ta kuma ce sarrafa aikin wani sai da yardarsa; akwai ma hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, a Yamai. Mai yi wa abokinsa zane don raha ba wanda zai bi shi. Mai bugawa a riga ko kalanda ya sayar, shi ya kamata ya fara tambayar wa ya riƙe kamarar.

Saura mutum na uku, mai fuskar. Obama ya rubuta wa Fairey wasiƙar godiya tun watan Fabrairu na 2008, amma a duk tsawon shari'ar ba ya cikin masu ƙara, ba ya cikin waɗanda ake ƙara. A 2015 mujallar Esquire ta tambayi Fairey ko shugaban ya cika fatan da aka rubuta a ƙarƙashin fuskarsa. Ya ce ko kusa.