Waldar da ta yi kyau a ido, amma ba ta kama ba

A watan jiya na raka kawuna wani gareji a Tudun Wada, can wajen Agoro, don a sauya masa ƙasan motarsa da tsatsa ta cinye. Maigidan wajen bai daɗe da sayen injin walda na MIG ba, irin mai turo waya da kansa, kuma yana ji da shi. Yaronsa ya huhhuda sabon fallen ƙarfe a jere, ya ɗora shi a kan na jikin motar, ya cike hudojin ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗigo ya fito sumul kamar maɓallin riga. Da maigidan ya sa cizal a tsakani ya buga da guduma sau biyu, sai fallen ya ɗago, ɗigo huɗu suka biyo shi. Na leƙa fallen ƙasa, ko kwarzane babu, sai ɗan baƙin hayaƙi.

Ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, kai da kake karatun ƙarfe a Samaru, me ka gani?"

Na ce, "Baba, wutar ba ta kai ƙasa ba."

Bari in warware maka abin da nake nufi, mai karatu, domin ko ba ka taɓa riƙe injin walda ba, kana shiga mota da adaidaita, kuma a kan irin wannan aikin kake ɗora ƙafarka.

A masana'anta, ana haɗa jikin mota ne da dubban ɗigon walda. Inji yana matse falle biyu tsakanin ƙarafa biyu na tagulla, ya ratsa wuta ta cikinsu, su narke su haɗe ta ciki. Mai gyara ba shi da wannan injin, kuma sau da yawa gefe ɗaya kawai hannunsa ke kaiwa. Shi ya sa yake huda fallen sama, ya narka ƙarfe a cikin hudar har ta cika. Mu kira ta waldar cike-huda. Ƙarfinta duka yana wuri guda ne: inda narkakken ƙarfen ya gauraya da fallen ƙasa. Tudun da kake gani a sama ado ne kawai.

To ina matsalar? Ƙarfen jikin mota bai cika wuce kaurin milimita 1 ba, kuma yana narkewa ne a wajen digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas. Amma falle biyun ba sa ɗaukar zafi daidai. Bakin huda siriri ne, zafi ba shi da hanyar gudu sosai, nan da nan yake narkewa. Fallen ƙasa kuwa shimfiɗe yake, yana watsa zafin ta kowane ɓangare, wani lokacin ma ya fi na sama kauri. Ga shi kuma wutar walda tana tsallakawa ne zuwa ƙarfen da ya fi kusa da bakin waya. Idan hudar ƙarama ce, ko an karkata hannu, sai wutar ta kama bakin huda, narkakken ƙarfe ya malalo ya rufe ramin kamar murfi, alhali na ƙasa bai ko yi ja ba. Ka taɓa ganin kakin kyandir ya ɗiga a kan siminti mai sanyi? Yana zama daram, amma da farce za ka ɓamɓare shi. To haka ɗigon yaron nan suka zauna.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne tsoro. Duk wanda ya saba da waldar sanda ko ta gas ya san yadda siririn ƙarfe ke ɓulewa, saboda haka sai ya rage wuta. A waldar cike-huda wannan kuskure ne. Wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci ta fi wuta mai rauni da aka daɗe ana yi: ta farkon tana narka fallen ƙasa kafin zafin ya watse, ta biyun kuwa tana gasa fallen ne ya lanƙwashe ba tare da ya kama ba. A ganina nan ne akasarin matsalar take, ba a injin ba.

Gyaran ba shi da wuya. A yi huda mai faɗin kusan milimita 8 a wuraren da ke ɗaukar nauyi. A matse falle biyun har babu rata, domin rata tana hana zafi ratsawa kuma tana sa bakin huda ya ƙone. A tsayar da hannu a miƙe, a fara daga tsakiyar fallen ƙasa, a jira ya narke ya yi ɗan tafki, sannan a kewaya zuwa bakin huda. Kada wayar da ta fito daga bakin injin ta wuce kamar santimita ɗaya, don idan ta yi tsawo ƙarfin wutar yana raguwa.

Sauran dalilan kuma na garinmu ne. Tun da aka ƙirƙiro MIG a Amurka a 1948, dogaronsa a kan gas ne mai lulluɓe narkakken ƙarfe don kada iska ta taɓa shi, yawanci agon haɗe da CO2, ko CO2 zalla. Mu kuwa a fili muke aiki, ƙarƙashin bishiya ko rumfar kwano. Iskar hunturu na kaɗawa sai ta kwashe gas ɗin, waldar ta fito da ƙananan ramuka kamar soso. Katako ko kwano ɗaya da aka jingina ya kare iskar ya isa. Sannan akwai wutar da ke zuwa da rauni, da ƙaramin janareta, da doguwar siririyar waya da aka jawo daga shagon maƙwabci. Lambar da ka saita a jikin injin ba ita ce ke isa ƙarfen ba. Wayar at ma, wadda wasu ke ɗorawa a kan fenti ko tsatsa su danne da dutse, tana cin nata kason. A kankare fenti, tsatsa da fila har ƙarfe ya yi fari, a cikin hudar da kuma inda za a maƙala at.

Wani abu da ya shafi lafiya: yawancin fallen motocin zamani an shafa musu tutiya, irin ta kwanon rufi. Tana tafasa a digiri 907, tun ƙarfe bai narke ba, sai ta huda waldar da kumfa, hayaƙinta kuma yana sa zazzaɓi da ciwon jiki. A kankare ta a wurin, kuma a kawar da fuska daga hayaƙin.

Ta yaya za ka gane ta kama? In kana iya leƙa bayan fallen, za ka ga da'irar ƙuna da ɗan kumburi daidai ƙarƙashin ɗigon. Amma tabbataccen gwaji shi ne ɓarna. Ka ɗauki guntaye biyu na irin ƙarfen da za ka yi aiki da shi, ka yi ɗigo ɗaya, ka matse ɗayan, ka murɗe ɗayan da filaya har su rabu. Waldar kirki ba ta ɓallewa, fallen ne ke yagewa ya bar rami, ɗigon ya tafi da guntun nama a jikinsa.

Haka muka yi a garejin. Guntu na farko ya ɓalle, na biyu ya ɓule saboda yaron ya cika wuta, a na uku ne fallen ya yage. Maigidan ya juya guntun a hannunsa, ya ce wa yaron ya ɓamɓare duk wanda ya yi tun safe. Motar kawu ta ƙara kwana ɗaya a wurin.