Haƙƙin Cewa "Na Fasa" a Binciken Halayyar Ɗan Adam

A shekarar 1961, Stanley Milgram na Jami'ar Yale da ke Amurka ya buga talla a jarida yana neman mazan da za su shiga wani nazari kan koyo da hadda, ladansu dala huɗu da kuɗin mota. Wanda ya zo sai a zaunar da shi gaban wata na'ura, a ce shi ne malami, ɗalibinsa kuma yana ɗaure a kujera bayan bango. Duk amsar da ɗalibin ya kuskure, malam zai danna maɓalli wutar lantarki ta ja shi, ƙarfinta na hawa daga bolt 15 har 450. A gaskiya babu wutar da ke jan kowa, da ɗalibin aka haɗa baki. Abin da Milgram ke son gani shi ne iyakar biyayyar mutum ga mai ba da umarni. Cikin mutum 40, har 26 suka kai maɓalli na ƙarshe.

An fi sukar wannan gwaji saboda yaudarar da ke cikinsa, amma a ganina babban laifinsa shi ne toshe ƙofar fita. Rahoton Milgram na 1963 da kansa ya bayyana yadda mutanen ke zufa, suna makyarkyata, suna cizon leɓe, uku daga cikinsu ma jikinsu ya ƙwace musu gaba ɗaya. Duk wanda ya nemi tsayawa, jami'in da ke kansa yana da jimloli huɗu da aka tsara masa, ta ƙarshe tana gaya wa mutumin cewa ba shi da zaɓi sai ya ci gaba. Yardar da mutum ya bayar a bakin ƙofa, tun bai san abin da ke ciki ba, ba ta isa ta ɗaure shi bayan ya gani da idonsa. Shi ya sa ƙa'idojin yau suka wajabta a gaya wa mai shiga bincike tun farko cewa yana iya janyewa a kowane lokaci ba tare da an hukunta shi ba.

Masu kare Milgram suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa in ka sanar da mutum biyayyarsa ake aunawa, zai gyara halinsa, gwajin ya tashi a tutar babu. Da wata masaniya mai suna Diana Baumrind ta soke shi a 1964, Milgram ya amsa cewa kashi 84 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya daga baya sun ce sun ji daɗin shiga. Sai dai farin cikin masu yawa ba ya goge raunin tsirarun da suka koma gida suna zargin kansu da mugunta, kuma mai binciken da sunansa zai ɗaukaka da sakamakon bai kamata ya zama alƙalin kansa ba. An ga haka ƙarara a Jami'ar Stanford a 1971, inda Philip Zimbardo ya raba ɗalibai gida biyu, fursunoni da gandirobobi, shi kuma ya naɗa kansa shugaban gidan yarin. Mako biyu aka shirya, amma a kwana na shida aka rufe, bayan wata masaniya mai suna Christina Maslach ta ga wulaƙancin da ake yi ta ƙalubalance shi. Wanda ke cikin rawa ba ya ganin karkacewar ƙafarsa, dalilin ke nan da ya sa yanzu sai kwamiti mai zaman kansa ya tace bincike kafin a fara.

Zancen cewa ƙa'ida tana kashe ilimi kuwa, Jerry Burger na Jami'ar Santa Clara ya ƙaryata shi. A aikin da ya wallafa a 2009 ya maimaita gwajin Milgram, amma ya tsaya a bolt 150, ya cire masu raunin zuciya tun wajen tantancewa, ya nanata wa kowa cewa zai iya tafiya da kuɗinsa, kuma ana gamawa aka fito da ɗalibin lafiya lau aka faɗi gaskiya. Duk da haka kashi 70 cikin ɗari sun nuna za su ci gaba. An samu amsar, ba a karya kowa ba.

Haɗarin bai wuce ba. A Janairun 2012, Facebook ya sauya abin da mutum 689,003 ke gani a shafukansu na tsawon mako guda don ya auna ko yanayin zuciyarsu zai canza, ba tare da an tambaye su kai tsaye ba. Wanda bai san yana cikin gwaji ba, ta yaya zai ce ya fasa? A Najeriya, kundin ƙa'idojin binciken lafiya na 2007 ya tanadi tantancewar kwamiti da yardar mai shiga. Don haka in mai bincike ya zo maka da takardar tambayoyi, tambaye shi wane kwamiti ya amince masa, wa zai ga amsoshinka, sannan ko kana iya tashi a tsakiya. In ya yi ta kame-kame, kada ka sa hannu.